Birnin Katsina ko Daura: ina ya fi daɗin zama?

Jihar Katsina faɗi gare ta, ƙananan hukumomi 34 ne, kuma wanda ya zaɓi zama a arewacinta sai ya shirya wa rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, a Katsina da Daura duka. Bambancin yana wajen yadda mutum zai sha shi.

Birnin Katsina ya buɗe ƙwarai tun da ya zama hedkwatar jiha a 1987. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Jami'ar Al-Qalam, ga filin jirgin sama. Mai neman aikin gwamnati ko babban likita a nan zai same su. Sai dai unguwanni sun yi nisa da juna. Ka fito da azahar kana jiran Keke Napep a bakin kwalta, hula ta jiƙe sharkaf, kuɗin abin hawa kuma kullum sai sun ci aljihu. Hayar gida ma ba sauƙi.

Daura kuwa a dunƙule take. Daga fadar sarki zuwa rijiyar Kusugu tafiyar ƙafa ce, maƙwabci ya san maƙwabcinsa, kuma iyakar Nijar ta Kwangwalam na kusa ga ɗan kasuwa. Yanzu ga kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri. Matsalarta ita ce idan ciwo ya yi tsanani a kan tura mutum Katsina, tafiyar kusan kilomita 80, ko Kano.

Ni dai mai ƙananan yara Daura zan ba shi shawara. Mai jinyar tsoho kuwa kada ya yi nisa da Katsina.