Y 7400 ko Y 8000: ina bambancin yake?

Malam, ka tura hoton ƙananan kawunan jirgin ƙasa biyu da ka gani a wata tashar kaya a Faransa, ka ce kamar tagwaye suke, to me ya raba Y 7400 da Y 8000? Tagwaye ne a ido, amma a aiki akwai tazara.

Dukkansu na kamfanin jiragen ƙasa na Faransa ne, SNCF, kuma harafin Y alama ce ta ƙaramin kan jirgi mai shan dizal wanda aikinsa tura taragai da jera su a cikin tasha. Ma'aikata kan yi musu laƙabi da "yoyo", ganin yini suke yi gaba da baya. Kowanne ƙafa huɗu gare shi, kuma gudunsu bai wuce kilomita 60 a awa ba.

Y 7400 shi ne yayan. An ƙera 488 daga 1963 zuwa 1972, nauyinsa tan 32, ƙarfinsa wajen doki 200. Y 8000 ya zo a 1977, aka yi ta ƙera shi har 1990, guda 525, kamfanin Moyse ya fara, Fauvet Girel ya ƙarasa. Ya fi tsawo, ya fi nauyi da kusan tan huɗu, ƙarfinsa ya doshi doki 300.

Amma a ganina inda gizo ke saƙar shi ne yadda ƙarfin inji ke isa ƙafa. Na Y 7400 akwatin giya ne na ƙarfe, haƙori na cizon haƙori, irin na tirela. Na Y 8000 kuwa man da ke cikin akwatin giyar ne ke ɗaukar ƙarfin, tsarin kamfanin Voith na Jamus. Ka ɗauka direba zai tayar da taragai goma sha biyar cike da hatsi, suna tsaye cik. Da giyar ƙarfe sai ya lallaɓa, in ya yi garaje ka ji ƙau-ƙau tana bin taragai har na ƙarshe, ƙafa ma ta murza a banza. Da na mai, jan yana shigowa ne sannu-sannu. Wanda ke tsaye tsakanin taragai yana ɗaura ƙugiya ya fi kowa sanin darajar wannan.

Kada dai a raina tsohon. Tsarinsa ba rikici, kuma jikinsa ya yi ƙarko har aka kwashi wasu aka sake musu inji, suka dawo da sunan Y 9000.

In ka sake ganin mai kama da Y 8000 yana tafiya ba kowa a ɗakin direba, ba aljani ba ne. Y 8400 ne, ƙaninsa na 1990 zuwa 1995, guda 150. Duba ƙasa, za ka ga direban tsaye gefen layi da akwatin rediyo rataye a jikinsa, da shi yake tuƙi.