Zagayen gidan Biltmore: falukan sama na burgewa, amma labarin yana ƙasa

Lokacin da aka rubuta a tikitin zagayen gidan Biltmore, katafaren gidan tarihi da ke Asheville ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka, lokacin shiga cikin ginin ne, ba na isa bakin ƙofar gandun ba. A nan baƙi da yawa ke makara. Daga ƙofa zuwa gidan tafiyar kusan mil 3 ce, kan hanya mai kwana-kwana da mai tsara lambuna Frederick Law Olmsted ya tsara da gangan don kada a hango ginin sai an zo dab da shi. Ga neman wurin ajiye mota, ga ɗan tattaki. A baro masauki da ratar kamar minti 45.

George Vanderbilt, jikan attajirin jiragen ruwa da na ƙasa Cornelius Vanderbilt, shi ya sa aka fara ginin a 1889, aka buɗe shi ga iyali da baƙi a jajibirin Kirsimeti na 1895. Richard Morris Hunt ya zana shi bisa salon fadojin kwarin Loire na Faransa: ɗakuna 250, na kwana 35, banɗaki 43, murhun dumama ɗaki 65. Har layin dogo aka shimfiɗa don kawo farin dutse daga Indiana.

Sauraron na'urar bayani ya fi yawo da ido kawai, don ba kowane ɗaki ne zai faɗa wa mutum komai da kansa ba. Zauren liyafa mai rufin ƙafa 70 a sama kallo ɗaya ya ishe shi. Ɗakin karatu kuwa ya cancanci tsayawa: littattafai kusan 10,000 daga cikin 23,000 da George ya tara, da zanen Pellegrini, mai zane ɗan Italiya, a rufi, wanda aka ɗauko daga wata fada a birnin Benis.

Sai dai a rage ƙarfi don ƙarƙashin ƙasa, domin a ƙarshen zagaye ake kai wa can, lokacin da ƙafa ta gaji da matakala. Nan ne madafai daban-daban, ɗaya na girki, ɗaya na fulawa, ɗaya na gashin nama, da ɗakin wanki, da ɗakunan barori, da wurin ninkaya mai cin galan 70,000 wanda aka saka wa fitilu a cikin ruwa. Babu na'urar tace ruwa a wurin, don haka sai a cika, a yi amfani, a zubar. Wanda ya ga wannan zai gane yawan hannun da gidan ke ci.

Kuma kuɗin sun gaza. George ya rasu a 1914 yana da shekara 51, bayan tiyatar afendiks. Matarsa Edith ta sayar wa gwamnatin tarayya kimanin eka 87,000 daga cikin 125,000, abin da ya zama tushen gandun dajin gwamnati na Pisgah. 'Yarsu tilo Cornelia ta auri John Cecil, ɗan diflomasiyyar Ingila, a 1924, su biyun suka buɗe gidan ga masu biyan kuɗi a Maris na 1930, a tsakiyar karayar tattalin arziki. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an ɓoye zane-zanen gidan adana zane na ƙasa da ke Washinton a ɗakin kiɗa na Biltmore, wanda ba a ma kammala shi ba sai 1976. Yau eka kusan 8,000 suka rage, a hannun zuriyar Cecil.

Awa biyu ta isa cikin gidan idan ba a yi jinkiri a falukan farko ba. Lambunan suna buƙatar wasu awa biyun daban, da takalmi maras tsini.