Sharhi kan Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, bayan aikin yanar Gwaggo

Tun da aka yi wa Gwaggo aikin ido a asibitin cocin ECWA na Kano, tambaya biyu mutanen garinmu ke yi mini: idon ya buɗe kuwa? Ba su matsa mata kan addini ba? Ido ɗaya ya buɗe tar. Ɗayan kuwa tun ranar farko suka gaya mana ba zai buɗe ba, kuma bai buɗe ɗin ba. Maganar addini, suna yin nasu a fili, ba wanda ya taɓa nata. Wanda ke da tsoho a gida yana laluben bango, ga yadda muka same su.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ta haura saba'in, kuma ɗinkin hula ne sana'arta tun tana budurwa. Idon hagu ne ya fara yin yana. Shekarun baya wani mai yawon kasuwanni ya sauka a garinmu ran kasuwa, aka ce gwani ne wajen cire yana. A zaure ya yi mata, da wani ɗan ƙarfe mai tsini. Abin da irinsu ke yi ba cirewa ba ce. Ƙwayar da ta yi fari suke turawa ta faɗa can cikin ido, haske ya samu hanya, mutum ya ga inuwar jama'a ya yi ta godiya. Gwaggo ma ta gani na ɗan lokaci. Daga nan sai ciwon kai mai tsanani, idon ya yi ja, ya ƙi sauka, har hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Mutumin kuwa tuni ya yi gaba da kuɗinsa. Shi ya sa da na daman ya fara dushewa ta rantse ba mai taɓa shi. Sai dai maganin ɗigawa na kemis, wannan ya ƙare a sayo wancan, har ta kai ba ta iya zuwa bayi sai jika ya riƙe mata hannu.

Ba ita kaɗai ba ce. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce ke jawo kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin waɗanda suka kai shekara 40, kuma kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, irin wannan turawar ta gargajiya aka yi musu.

Kano ba ta rasa wuraren ido ba. Akwai asibitin Makka, akwai sashen ido a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, ga kuma babbar cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. Abin da ya kai mu ECWA shi ne Gwaggo da kanta. Ta ce in dai dole ne a taɓa, to a kai ta "asibitin mishan", don can aka yi wa wata ƙawarta ta dawo tana tsince shinkafa. Tsofaffinmu sun daɗe da sanin wurin. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe shi a 1943, wajen Sabon Gari, da wani likitan ido Ba'amurke, Dakta Douglas Hursh, daga baya ya koma hannun cocin ECWA. Wato ya girmi 'yancin kan Najeriya, kuma ya girmi Gwaggo.

Duk sammakonka za ka tarar an riga ka. Mun ga mutanen Damagaram da Maraɗi, mun ga Barebari da Fulani, wani ma daga Chadi ya taso da mahaifinsa. Kowane tsoho da ɗan jagoransa, yawanci yaro ƙarami da aka ciro daga makaranta. Wannan ya tsaya mini a rai, don makantar mutum ɗaya mutum biyu take zaunarwa.

Kafin a fara ganin likita, wani ma'aikaci ya miƙe a gaban jama'a ya yi gaisuwa da Hausa, aka yi 'yar waƙa, ya karanta wani abu daga Linjila, ya yi wa marasa lafiya addu'a. Bai ɗau lokaci ba. Dattijon da ke kusa da mu bai fasa jan carbinsa ba, ba kuma wanda ya dube shi. Gwaggo ta taɓo ni ta ce, "Kai, me suke cewa?" Na ce addu'ar samun lafiya suke wa mutane. Ta ce, "To, Allah ya ba kowa lafiya." Da azahar ta yi muka shimfiɗa tabarma a inuwa muka yi sallarmu tare da wasu, ba wanda ya ce mana kanzil. Wajen yankar kati da wajen likita, tambayoyin duk na ciwo ne.

Ina ganin ya kamata a faɗi wannan yadda yake, ba ƙari ba ragi. Asibitin na coci ne, masu shi ba su ɓoye cewa aikin a wurinsu ibada ce da wa'azi ba. Ɗari-ɗarin da iyayenmu ke yi ma yana da asali. Zamanin Turawa an daɗe ana taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 suka samu ƙofa ta hanyar kula da masu cutar kuturta, a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, kuma a irin waɗannan wurare an samu waɗanda suka karɓi Kiristanci. Labarin da aka gada ke nan. Amma ni abin da na gani da idona, wanda ya je da imaninsa da shi zai komo, magani kuma ba a ɗaura shi da sharaɗi ba. Wanda jin waƙar coci na ɗan lokaci zai dame shi, gara ya sani tun daga gida ya zaɓi wani wurin, maimakon ya bar tsohuwarsa cikin duhu.

Inda suka burge ni shi ne ɗakin gwaji. Gwaggo ba ta yi boko ba, don haka allon da aka nuna mata mai alama ɗaya ne da ke juyawa, a ce ta nuna da yatsu inda ƙafafunta suka fuskanta. Ko babbar ta sama ba ta gani ba. Sai aka koma ƙirga yatsu, aka koma haska tocila ta gefe-gefe ana tambaya ta ina hasken ya fito. Na dama ya bi hasken daidai. Na hagu ko gezau. Aka ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, ta ɗora haɓa a kan na'ura likita ya leƙa, aka auna ƙarfin ruwan idon. Likitan ya juyo da kujerarsa ya fuskance ta, ita ba ni ba, ya ce, "Mama, na hagun nan jijiyarsa ta riga ta mutu. Ko mun yi aiki ba za ki gani da shi ba, ba zan karɓi kuɗinku a kansa ba. Na daman kuwa yana ce kawai, muna sa ran zai buɗe." Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, ɗayan ma ya isa, in dai zan gane alƙibla da kaina."

Mun sha jin "za a gwada" a wurare da dama, a karɓi kuɗi a gwada ɗin. A ce maka wannan ba zai yiwu ba, a kuma faɗi dalili da Hausar da tsohuwa za ta gane, shi ne ya sa Gwaggo ta saki jiki ta yarda a taɓa wanda ya rage mata.

Ba a yi aikin nan take ba. An auna jininta aka samu ya hau, aka ce sai ya sauka tukuna. Muka koma gida da magani, muka dawo, aka sake aunawa har da sukari, sannan aka auna tsawon idon don a zaɓi ɗan gilashin da za a dasa mata a madadin ƙwayar da ta lalace. A lokacin Gwaggo ta yi ta mita, wai an mai da ita 'yar zirga-zirga. Ni kam hankalina ya ƙara kwanciya.

Batun kuɗi: mutane da yawa na zaton asibitin mishan kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Akwai kuɗin kati, na gwaje-gwaje, na aiki, na magani. An gaya mana jimillar kafin mu amince, kuma duk inda muka biya an ba mu rasit. Farashi ba ya zama wuri ɗaya a ƙasar nan, don haka a tambaya kafin a taso. A kuma lissafa da kuɗin mota da abinci da masauki na mutum biyu, don mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai. Wannan ɓangaren kan cinye abin da mutum bai zata ba.

Aikin kansa bai daɗe ba. Ba a sa ta barci ba, allurar kashe zafi aka yi a gefen idon. Ta fito da bandeji da wani ɗan murfi a kai. Washegari wata nas ta zo ta ce, "Mama, a hankali, kada ki yi saurin buɗewa," ta ɗaye filastar, ta goge gefen idon da auduga. Gwaggo ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba. Muna jira ta kira sunan wani a cikinmu. Sai ta sunkuya ta dubi zanen da ke jikinta, ta ja shi da yatsu biyu ta ce, "Wannan koɗaɗɗen kuke ɗaura mini ina shiga mutane?" Har nas ɗin sai da ta dara.

Wahalar gaske a gida take. An ba mu magungunan ɗigawa da lokutansu na makonni, aka ce kada ruwa ya shiga idon, kada ta murza, kada ta zauna a hayaƙin murhu, kada ta ɗau kaya mai nauyi ko ta daɗe a sunkuye. Alwala sai da lura, sallah kuma ta yi ta a zaune na ɗan lokaci, bayan mun tambayi malamin unguwa ya ce babu laifi. Duk ta bi. Kwalli ne muka yi dambe a kansa. A wurinta mace ba kwalli kamar mara lafiya ce, sai da matata ta ɓoye tandun a cikin buhun gero. Da muka koma dubiya likita ya ce idon ya yi kyau, aka yi mata gilashin kusa. Ta koma ɗinkin hula, ko da yake ba da saurin da ba, kuma da yamma ta yi take ajiye allura. Ni ma ban tsira ba, don sun ce duk wanda ya haura arba'in ya riƙa auna ƙarfin ruwan idonsa, saboda hawan jinin ido yawanci ba ya ciwo, ba ya fari, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa. Na miƙa nawa aka auna.

Abin da ya rage yana damuna ba na asibitin ba ne, na nisa ne. Wurare irin wannan, ko asibitin Galmi da SIM ta buɗe a Nijar a 1950, suna nan inda suke, sai mai ciwo ya nemo su. Mai ɗan ƙarfen kuwa shi ke zuwa har ƙofar gida, ya zauna a tabarmarka, ya karɓi akuya ko ya yarda a biya shi kaɗan-kaɗan. Da haka yake cin kasuwarsa, ba don ya fi iyawa ba. Ga kuma maganar da ta zauna a bakin mutane, wai sai yana ta nuna ake cire ta. Likitan ya ce da zarar ta fara hana mutum harkarsa lokaci ya yi, jira ba ya ƙara komai sai wahala.

Wanda zai je ya taho da duk kwalaben maganin da aka taɓa ɗigawa, ko sun ƙare, don likita zai so ya gansu. Wasu na kemis ɗin suna ɗaga ƙarfin ruwan ido in an daɗe a kansu. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara daidaita su tun a gida. Maƙwabcinmu da yana ta rufe wa ido biyu ya zo ya ga Gwaggo tana zura zare a allura, ya ce in ya sayar da riɗinsa bayan girbi zan raka shi. Na ce masa to, amma kafin nan duk wanda ya zo zaurensa da ɗan ƙarfe ya sallame shi.