Ma'aunin ƙarfin waya Loos PT-2: abin da na gani bayan shekara guda

Hasumiyar da ke ɗauke da eriyata ta rediyon sha'awa (rediyon da mutum ke aika magana da karɓa da shi don sha'awa, ba don sana'a ba) ta ƙarfe ce, samfurin Rohn 25G, gaɓa 6, kowace gaɓa ƙafa 10, wato tsawonta ya kai wajen mita 18. Wayoyin ƙarfe 6 ne ke riƙe da ita, uku a sama uku a tsakiya, sun gangara zuwa turaku uku da aka binne cikin kankare. Shekara da shekaru da hannu nake gwada su. In kama waya in girgiza, in na ji ta yi tauri sai in ce ta yi. A zatona gwargwadon taurin waya gwargwadon tsaro.

Abin da ya sa na nemi ma'auni shi ne wata iska da aka yi da dare. Da gari ya waye na ɗaga kai na ga saman hasumiyar ya ɗan karkata, kaɗan ne ƙwarai, amma wanda ya saba kallonta kullum ba zai rasa ganewa ba. Hankalina bai kwanta ba sai da wannan na'ura, Loos PT-2, mai auna yawan jan da aka yi wa waya, ta zo hannuna.

Ba ta da batir, ba ta da allo. Farantin ƙarfe ne da ƙananan gargare biyu na roba, da sifirin, da ƙugiya, da 'yar igiya ta ja. Sai ka cusa wayar tsakanin gargaren nan biyu, ka ja igiyar har sifirin ya miƙe, ka maƙala ƙugiyar a jikin waya, ka saki. Allura za ta tsaya a kan wata lamba, ka duba jadawalin da ke jikin na'urar ka ga ƙarfin da lambar ke nufi. Abin da ya fi burge ni, tana zama a maƙale da kanta. Hannuwana biyu suna kan ƙarfen murɗa waya, wato wanda ake juyawa don ƙara mata tauri ko sassauta ta, ina juyawa ina kallon allurar tana matsawa a hankali.

Wayata mai kaurin inci 3/16 ce, irin wadda ake kira EHS, wato mai ƙarfi na musamman, wadda sai nauyi ya kai laba 3,990 take tsinkewa, kimanin kilo 1,800 ke nan. Ƙa'ida ita ce a ja ta zuwa kashi 10 cikin 100 na wannan, wato laba 400, wajen kilo 180. Da na auna, wayoyin sama sun wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, na tsakiya kuma ba su kai ba. Gabana ya faɗi, domin na san abin da hakan ke jawowa. Waya ba gefe kawai take jan hasumiya ba, ƙasa ma take danna ta, don haka duk murɗawar da na ƙara, kaya ne na ɗora wa ƙafafun hasumiyar guda uku, kuma ƙafar da kaya ya yi wa yawa lanƙwashewa take yi. Waya mai sako-sako kuma tana barin hasumiya ta yi lilo, iska ta fizge ta, wayar ta tsayar da ita da ƙarfi, kusoshin mahaɗa su sha wahala. Ni na haɗa illolin biyu a hasumiya ɗaya.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani. Don jiragen ruwa masu tafiya da iska aka ƙera wannan ma'auni, jadawalinsa na wayarsu ne mai sili 19, tamu kuwa sili 7 gare ta, ta fi tauri wajen lanƙwasa. Saboda haka na aro sikelin rataye wurin wani abokina, na ɗaure guntun wayata tsakanin ginshiƙai biyu da sikelin a tsakiya, na ja har ya nuna kilo 180, sannan na maƙala ma'aunin na rubuta lambar da ya tsaya a kai. Da ita nake aiki har yau. Yini guda aikin ya ci, ban yi da na sani ba.

Gyaran kansa haƙuri yake so. Da ka ƙara wa waya ɗaya, sauran biyun da ke jere da ita sun canza, sai ka riƙa zagayawa turke zuwa turke, rabin juyi a nan rabin juyi a can, kana komawa gindin hasumiya da lebur don ka tabbatar tana tsaye cak. Na tsakiya na fara daidaitawa kafin na sama. Da sassafe nake yi, lokacin da iska ta kwanta, domin ƙarfe yana miƙewa in ya sha rana, awon rana tsaka da na safe ba sa zuwa ɗaya. Da na gama na zura waya ta cikin ƙarafan murɗawa na ɗaure su, kada girgiza ta warware su.

A wannan durƙuso ne kusa da turke na lura da tsatsa daidai inda sandar ƙarfen ta shiga ƙasa. Na tone kamar taƙi guda, na kankare da burushin waya, na ga ba ta ci ƙarfen can ciki ba, na shafa fenti mai tutiya har sau biyu. Ba ma'aunin ya nuna min ita ba, amma shi ya kai ni wurin.

Ma'aunin ya dace da waya mai inci 3/16 zuwa 1/4, wanda tasa ta fi haka kauri sai ya nemi babbansa. Yanzu sau biyu a shekara nake awo, da kuma bayan kowace iska mai ƙarfi, ina rubuta lambobin a ɗan littafi. Awon da na yi makon jiya, waya ɗaya ce kawai ta ɗan sauka, rabin juyi ya mayar da ita wurinta.