Porsche GT3, Ferrari 458 ko Aventador: wace ce injinta ba zai ci amanarka ba?

Da yawa daga masu neman motar tsere ta alfarma wadda aka taɓa hawa, da sun ji an ce kamfani ya taɓa yi mata kiranye sai gabansu ya faɗi, su juya ga wata. Nan ne kuskuren farko. Kiranye yana nufin kamfani ya amsa laifinsa a rubuce, ya bayyana lambobin motocin da abin ya shafa, ya kuma ɗauki nauyin gyara. Motar da ya kamata ta hana ka barci ita ce mai aibin da duk kanikawa suka sani amma babu wata takarda da ta ambace shi.

Da wannan ma'aunin, wadda ta fi cancanta a saya ita ce Porsche 911 GT3 ƙirar 991 ta farko, ta shekarun 2014 zuwa 2016, duk da cewa ita ce mai labari mafi muni a cikinsu. A farkon 2014 biyu daga cikinta suka kama da wuta, ɗaya a Suwizalan ɗaya a Italiya. A watan Fabrairu Porsche ta ce wa masu motar su daina hawa gaba ɗaya. Bincike ya nuna cewa kusar da ke ɗaure kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ita ce take kwancewa. In ta kwance sandar ta fasa jikin inji, baƙin mai ya zubo kan ƙarfe mai zafi, sai wuta. Motoci 785 abin ya shafa, kuma ba a tsaya sauya kusoshi ba, kowace ɗaya aka ciro injinta aka saka sabo.

Matsalar ba ta ƙare a nan ba, kuma duk dillalin da ya ce maka ta ƙare bai san motar ba ko kuma yana ɓoye maka. Injin nan mai lita 3.8 yana juyawa har sau 9,000 a minti, kuma tsakanin kamshaf, wato sandar da ke sarrafa buɗewa da rufewar bawul, da bawul ɗin akwai wasu ƙananan 'yan yatsu na ƙarfe da ke danna bawul ɗin. A wasu rukunonin an sami aibi a ƙarfen da aka ƙera su da shi, sai su riƙa cinyewa tare da kamshaf. Alamarsa ita ce inji ya riƙa tsallake wuta idan an taka shi sosai, fitilar gargaɗi ta kunnu, ƙarfi ya ragu. A ƙaramin gudu ba za ka ji komai ba, shi ya sa zagaye ɗaya cikin unguwa ba gwaji ba ne. A 2017 Porsche ta tsawaita garantin injin zuwa shekara 10 ko mil 120,000, kimanin kilomita 193,000, kuma garantin yana bin motar ko an sayar da ita. A ƙarƙashinsa aka sauya wa motoci da dama inji da wanda aka gyara ƙirarsa.

To amma ka yi lissafi. Shekara goman tana ƙirguwa ne daga ranar da aka fara miƙa motar ga mai ita, don haka ta 2014 ta fita daga inuwar garanti tun 2024. Abin da ya rage shi ne wane inji ne a ciki yanzu. A lambar injin akwai harafi, E ko F ko G. Na G, musamman na ƙarshe-ƙarshe, shi ne mai gyararren kamshaf da 'yan yatsun, kuma shi ake nema. Motar 2014 mai ɗauke da injin G da takardar dilan Porsche da ta nuna ranar sauyi ta fi ta 2015 mai injinta na asali daraja, ko da mitarta ta fi nisa. Mai E ba tare da takarda ba, sai dai a rage maka kuɗin sabon inji daga farashi. Dalilin fifita GT3 ke nan: ciwonta yana da suna, yana da harafi, kana iya leƙawa ka gani da idonka.

Ferrari 458 Italia ita ce kaɗai za ta iya ja da ita. Gobarar da ta ɓata mata suna a 2010 ba daga inji ta fito ba. Gam ne da aka manne garkuwar zafi da shi a cikin ramin tayar baya yake narkewa kusa da salansa ya kama wuta. An kira motoci 1,248, aka cire gam aka buga ribiti, kuma wannan gyaran kowane bakanike zai iya tabbatar da shi da tocila. Wanda ya fi shi haɗari bai yi suna ba: a 2012 an kira motoci 206 na 458 da wata ƙirar Ferrari mai suna California saboda karanshaf da ba a goge shi daidai ba a masana'anta, abin da ke iya sa inji ya cije ana cikin gudu. Sai kuma murfin tankin man birki da ba ya shaƙar iska yadda ya kamata, wanda kiranyensa ya faɗaɗa a 2022 har ya kai motocin Ferrari iri-iri 23,555 a Amurka. Mota ce mai kyau, amma takardu uku za ka nema maimakon ɗaya.

Lamborghini Aventador kuwa, wadda aka kira kusan 5,900 daga cikinta a 2017 saboda in an cika tanki fiye da kima tururin fetur na iya haɗuwa da zafin salansa, ba motar ƙasar da ake girgiza mota a gidan mai don ta ƙara shan lita ɗaya ba ce.

Akwai kuma masu ciwon shiru. Porsche 911 da Boxster na farkon shekarun 2000 suna da boris ɗin wata sanda ta tsakiyar inji wanda in ya tarwatse ya tafi da injin duka. Ba a taɓa yi masa kiranye ba, sai da masu motoci suka kai ƙara a Amurka aka sasanta a 2013. Injin Mercedes AMG mai lita 6.2 na shekarun farko shi ma kusoshin kan silindarsa suna tsatsa su karye, ruwan lagireto ya shiga inda fistin yake. In ka bincika waɗannan a rajistar kiranye za ka same su fes, alhali ciwon yana nan.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Yawancin irin waɗannan motoci da ke shigowa ta Legas ko Kwatano daga Amurka suke, kuma da dama daga wurin gwanjon motocin da inshora ta riga ta biya suka fito: masu haɗari, masu gobara, masu shan ambaliya. Fenti da goge-goge suna rufe komai. Kafin ka tura ko sisi, ka karɓi lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ka kwatanta wadda ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takardar kwastam. Lambar gaskiya ba ta ɗauke da harafin I ko O ko Q, in ka ga ɗaya daga cikinsu an taɓa ta. Ka saka ta a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka. Sai dai ka fahimci abin da shafin yake nunawa: kiranyen da ba a kai ga gyarawa ba kaɗai yake lissafawa, kuma na motocin kasuwar Amurka. Dillali zai nuna maka sifili a waya ya ce lafiya lau, alhali motar ta Turai ce ko ta Dubai, shafin bai ma san da ita ba. Rahoton tarihin mota irin na Carfax kuma kada ka karɓi hotonsa ko wanda aka buga a takarda, ka saya da kanka, domin gyara lamba a hoto aikin minti biyu ne. Ka kuma rubuta lambar shasin a wurin bincike na intanet, sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan, da gaban motar a murƙushe.

Takardar sauyin inji ma ana ƙirƙirarta. Kan takarda mai tambarin dila ba hujja ba ne sai ka tuntuɓi dilan da kansa da lambar shasi, sannan a ɗaga motar a karanta lambar da ke jikin injin ta yi daidai da ta takardar. In wurin lambar ya nuna alamar an goge an sake bugawa, ciniki ya mutu. Mita kuwa ana mayar da ita baya, amma kwamfutar injin Porsche tana ajiye adadin awannin da inji ya yi yana aiki da kuma lokutan da aka wuce iyakar juyinsa. A jona na'urar bincike a ciro, ka raba kilomita da awanni. In lissafi ya ba ka kilomita 15 a awa a motar da aka ƙera don filin tsere, akwai tafiyar da aka share.

Kada ka yarda da sabon baƙin mai da aka zuba jiya. Mai sayarwa da ya yi juye ana gobe za ka zo, wataƙila burbushin ƙarfe yake wankewa. Ka nemi a hau motar aƙalla kilomita ɗari da wannan man, sannan a ciro filta a buɗe takardarta a rana. Ƙyalli kamar garin azurfa ko na tagulla alama ce ta boris ko kamshaf da ke cinyewa. A cire fulogi a zura ƙaramar kyamara cikin kowace silinda a duba karce a bango.

Jabu kuwa ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai yake kamawa ba. A 2014 Aston Martin ta kira motoci 17,590 bayan ta gano cewa wani mai yi mata kaya a ƙasar Sin ya yi amfani da robar jabu wajen ƙera sandar totur, wadda ke iya karyewa a ƙarƙashin ƙafa. In hakan ya wuce idon masana'anta a Ingila, filta da fulogi da galan ɗin mai da ke kan teburin kasuwa fa? Injin GT3 yana son mai mai shaidar Porsche A40, irin 0W-40, da fetur mai ƙarfin oktan 98. Tun kafin motar ta hau jirgin ruwa ka san inda za ka riƙa samun su biyun, ka kuma sa filta da fulogi na juye biyu ko uku daga hannun dila su biyo ta a cikin kwantena ɗaya.