Keke ko ƙaramar mota: mako uku kana tuƙa kanka a Sri Lanka

Malam, ka tambaya ko keke mai ƙafa uku (tuk-tuk) za ka ɗauka haya ka tuƙa kanka a Sri Lanka ko ƙaramar mota. Keken za ka ɗauka. Ku biyu ne kai da uwargida, mako uku gare ku, kuma a Janairu za ku sauka. A wannan lissafin, abin da motar haya za ta ba ka bai kai abin da za ta hana ka ba.

Tuk-tuk ɗin da suke bayarwa haya a can ba baƙon abu ba ne a wurinka, Adaidaita Sahun da ka sani ne. Yawanci ƙirar Bajaj, inji kusan cc 200, giya huɗu a hannun hagu tare da kuloci, totur a dama, birki a ƙafar dama. Wannan babbar riba ce da Turawan da ke cika wuraren hayar ba su da ita: kai za ka iya koyonsa tun kana gida. Nemi mai keke a unguwarku, ka biya shi kuɗin yini, ku je fili ya nuna maka yadda ake lalubo firi tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu, yadda ake ribas, da kuma wanda ya fi duka muhimmanci, tashi a kan tudu ba tare da keken ya mutu ko ya zame baya ba. Kamfanonin hayar suna koyarwa na awa ɗaya ko biyu ranar karɓa, amma wanda ya zo da hannunsa a sake zai yi amfani da wannan lokacin ya saba da titinsu ne kawai.

A hannun hagu ake tuƙi a Sri Lanka. A nan ma keke ya fi sauƙi, domin direba a tsakiya yake zaune, babu rikicin sitiyari ya koma dama da sa giya da hannun da bai saba ba. Inda hannu yake yaudarar mutum wuri uku ne: fitowa daga gidan mai, shan kwana a mahaɗar da babu kowa, da tashin farko da safe. A shataletale ta hagu za ka shiga, ka ba wanda ya taho ta damanka hanya. Ka ɗora wa uwargida aikin tunatar da kai a kwanakin farko, baki biyu ya fi ɗaya.

Mutane suna jin an ce dokar gudun keke kilomita 40 ce a awa sai gwiwarsu ta yi sanyi. Gaskiya ne, kuma an hana shi hawa manyan titunan nan masu tolget. Sai dai tsibirin gaba ɗaya tsawonsa bai wuce kilomita 430 da ɗoriya ba, kuma wuraren da za ka je dominsu ba a kan waɗancan titunan suke ba. Daga Kandy zuwa Nuwara Eliya bai kai kilomita 80 ba, amma mai mota ma sai ya ci kusan awa uku, saboda hawa ne da kwana-kwana tun daga Gampola har ka haye Ramboda. A irin wannan hanyar ne za ka san abin da ka hayo. Kana giya ta biyu, injin yana ƙugi a ƙarƙashin kujerar baya, gonakin shayi sun rufe duwatsu hagu da dama, iska tana sauyawa daga ɗumi zuwa sanyi a fatarka tun kafin ka ga allon gari. Ka hango mai sayar da kwakwar nan ruwan goro ko dafaffiyar masara, ka raɓe a ɗan gefen da mota ba za ta samu wurin tsayawa ba, a fasa muku ku sha, ku ci gaba. Mutanen ƙauye in sun ga baƙo a kujerar direba su suke fara gaisuwa, har a nuna maka hanya tun ba ka tambaya ba. Wanda ya kulle gilashi ya kunna na'urar sanyi duk wannan wuce shi yake yi.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. In aka haɗa tsaye-tsaye da cunkoso, kilomita 25 zuwa 30 kake ci a awa. Don haka kada tafiyar yini ta wuce kilomita 100 zuwa 120, kuma kada ka jera irin wannan yinin sau uku. Tanki lita takwas ne, lita ɗaya tana kai ka kusan kilomita 25, wato cikon tanki ya yi maka yini guda da rara. Zagayen da zan faɗa maka yana tsakanin kilomita 1,100 da 1,300 in an haɗa da ratse-ratse, man fetur ɗinsa duka bai fi lita hamsin da wani abu ba. Ka cika tanki duk safiya ko da bai yi ƙasa ba, domin a cikin duwatsu gidajen mai suna da tazara, kuma hawa yana shan mai fiye da fili.

Janairu lokacin kudu da yamma da tsaunuka ne. Damina biyu gare su a ƙasar: ɗaya tana dukan kudu maso yamma daga wajen Mayu zuwa Satumba, ɗayar tana dukan arewa da gabas daga ƙarshen shekara zuwa wajen Fabrairu. Saboda haka ka cire Trincomalee da Arugam Bay daga tsarinka, nasu lokacin daban ne. Ka karɓi keken a Negombo, kusa da filin jirgi, ka kwana a nan. Ka bi gaɓar teku ta arewa zuwa Puttalam, ka raba tafiyar Anuradhapura gida biyu domin ta kai kilomita 170. Daga nan Sigiriya, kwana uku, ka hau dutsen da sassafe kafin rana ta buɗe, matakalarsa sun kai 1,200. Dambulla da Polonnaruwa duk daga nan za ka je ka dawo. Sai Kandy ta Matale, sai Hatton zuwa gindin Dutsen Annabi Adamu, sai Nuwara Eliya, sai Ella, ka gangara Wellawaya zuwa Tissamaharama ko Udawalawe, ka kama gaɓar kudu ta Tangalle da Mirissa har Galle, ka dawo ta Beruwala. Ka bar kwana biyu fanko a tsakiya, ruwa ko gajiya za su cinye su.

Dutsen Annabi Adamun nan ya cancanci a tsara tafiyar dominsa. Tsayinsa mita 2,243, Ibn Battuta ya hau shi a 1344, kuma lokacin hawansa daga Disamba ne zuwa Mayu, an kunna fitilu a hanya, masu shayi suna buɗe. Ana tashi daga Nallathanniya, ƙauyen da ke gindinsa, wajen ƙarfe biyu na dare don a riski fitowar rana a sama, matakala sun haura dubu biyar. Kada ku hau ranar cikar wata ko ƙarshen mako, masu ziyarar ibada kan cika hanyar har a tsaya cak. Kuma kada ka sa tuƙi mai nisa a ranar da kuka sauko, ƙafar da za ta taka birki rawa za ta riƙa yi. Sallah da abinci ba za su ba ku wahala ba a wannan zagayen: Puttalam, Akurana da ke tsakanin Matale da Kandy, Hambantota da Beruwala duk garuruwa ne masu Musulmi da yawa, kuma akwai masallaci a cikin ganuwar Galle.

Yanzu abin da ke ɓaci. Keke ƙafa uku gare shi, kuma abin da ke kifar da shi guda ne: shiga kwana da gudu sannan a danna birki ko a fizge hannu a tsakiyarta. Ka rage gudu tun titi yana miƙe, ka shiga kwanar a hankali, ka ƙara totur wajen fita. A gangara, giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka. Kada ka sake shi a firi don tsimin mai. Gangarar Ella zuwa Wellawaya doguwa ce, wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji shi ya yi zafi ya yi laushi a daidai inda ya fi bukatarsa. In ka ji ƙauri, tsaya ka bar shi ya huce. Jaka mai nauyi a ƙasa take zama, a tsakiya. Ku taho da jakunkuna masu laushi guda biyu, babban akwati ba shi da mazauni a keke. Kuma keke ba ya kulluwa, fasfo da kuɗi da waya a jikinku za su zauna duk inda kuka sauka.

Manyan bas-bas su ne masu titi, jajaye na gwamnati da na 'yan kasuwa. Suna obatekin a inda ba ka zata ba, wani lokaci su taho ta hannunka. In ka ji hon mai ƙarfi a baya ko ka ga fitila a gaba, ka matsa hagu ka rage gudu, babu jayayya. Duhu yana sauka wajen ƙarfe shida duk shekara, ka isa masauki kafin biyar. A yankin Habarana da kan hanyar Buttala zuwa Kataragama giwaye suna fitowa kan kwalta, wasu sun saba da a miƙa musu ayaba. Kada ka ba su komai, kada ka ajiye 'ya'yan itace a fili cikin keken. Ka tsaya nesa, injin yana kunne, ka jira babbar mota ta zo ka bi gefenta ku wuce tare.

Lalacewar keke kuwa ƙarama ce: wayar kuloci ko ta giya ta tsinke, fulogi ya yi datti, taya ta yi faci. Kusan kowane gari akwai bakaniken da ya san wannan injin ciki da bai, gyaran minti talatin ne. Ka tabbata an ba ka safaya mai iska, da sifana, da wayar kuloci ta ajiya. Duba baƙin mai kowace safiya, a sa giris duk bayan kilomita dubu, kuma ka gwada tamfol ɗin gefe ka ga yana saukowa yana ɗauruwa, domin a Nuwara Eliya, sama da mita 1,800, ruwa da sanyi na gaske ne. Ku tafi da rigunan sanyi.

Ita motar, to, tana da sanyi, tana kulluwa, kuma za ta kai ka Galle daga Kolombo a cikin awa biyu ta babban titi, inda keke zai cinye maka rabin yini. Ban da wannan, kuɗin haya ya fi, kuɗin ajiya ya fi, da yawa suna ƙayyade maka kilomita a rana su caje ka rarar, kuma duk ƙujewar da bas ya yi maka a lungu daga aljihunka za ta fita. In da da ƙananan yara za ku, ko tsoho, ko mai juna biyu, da sai in ce a bar keke, a ɗauki mota haɗe da direbanta.

Takardu kuma tun yanzu za ka fara. Mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda ke cike fom a intanet su samu izinin shiga nan take, sai an nemi biza tun kafin tafiya, kuma katin rigakafin shawara yana cikin abin da za a tambaya. Kada ka biya kowa kuɗin haya kafin biza ta fito. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa shi kaɗai ba ya isa a Sri Lanka. Ka tafi da shi, na littafi, tare da lasisinka na gida, sannan a yi maka takardar amincewa a ofishin Automobile Association of Ceylon da ke Kolombo. Kamfanin haya na ƙwarai zai yi maka wannan kafin ka iso. Akwai teburin ba da lasisin wucin gadi a filin jirgi tun 2025, amma na ƙananan motoci da babura ne, bai rufe keke ba. In takardarka ba ta rufe mai ƙafa uku ba, inshora ba za ta biya ko sisi ba ranar tsautsayi. 'Yan sanda suna tsayarwa sosai, musamman kan haye farin layi marar yankewa da wuce gudu. Tara tana da takarda da hanyar biya, a gidan waya ake biyanta, ka nemi takardar.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu haya na bakin titi da ke karya farashi. Wanda ya ce lasisi ba dole ba ne, bar wurinsa. Wanda ya ce ka bar masa fasfo jingina, bar wurinsa. Kwafi ya ishe shi. Dabarar da suka fi yi ita ce tsohuwar ƙujewa ta zama sabuwa ranar da ka dawo da keken, a cinye kuɗin ajiyarka. Kafin ka tayar, ɗauki bidiyo ka zagaye keken a gaban mai shi, har rufi da kujera da gilashi da lambar mita, a rubuta kowane tabo a yarjejeniya ku sa hannu. Ka ga katin inshora da takardar harajin keken da idonka, ka duba kwanan wata, ka gwada lambar da ke jiki da ta faranti. Ka tambaya a rubuce nawa ne kasonka in aka yi hatsari, da wanda zai biya gyara a hanya. Haka masu tare ka a Matale su ce lambun kayan yaji kyauta ne, ko wanda zai kai ka wurin ɗan'uwansa mai sayar da duwatsu masu daraja a farashin gida: yawon kyauta ne, kantin ƙarshe ne ba kyauta ba, kuma dutsen da ba ka iya tantancewa ba kada ka saye shi.

Ka kama keken tun wata biyu kafin tafiya, Janairu lokacin cika ne kuma masu lafiya su ake fara kwashewa. Ranar dawowa, ka baro Beruwala bayan asuba don ka ratsa Kolombo kafin cunkoson safe, kuma ka mayar da shi kwana guda kafin jirginku.