Rajistar CAC ko zauren WhatsApp: wanne ya dace da ƙungiyar masu motocin tsere?

Masu sha'awar motocin tsere sun sha tambayata ko su yi wa ƙungiyarsu rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, ko su ci gaba da haɗuwa a zauren WhatsApp.

Ta fuskar kuɗi, zaure ba ya cin komai sai data. Rajistar ƙungiya a CAC da sunan amintattunta kuwa, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, tana buƙatar kundin tsarin mulki, da sanarwa a jaridu biyu, da jiran kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi, sannan a riƙa miƙa rahoto duk shekara.

Haɗarin zaure yana wajen kuɗin karo-karo. Idan a asusun mutum ɗaya ake tara su, ranar da ya sayar da BMW ɗinsa ya bar gari, magana ta ƙare. Ƙungiya mai rajista tana buɗe asusun banki da sunanta, kuma wasiƙarta ta fi nauyi wajen neman filin atisaye, wanda a ganina ya fi ƙona taya a titin unguwa yara na tsallakawa.

Abokai goma masu haɗuwa da yammacin Lahadi, zaure ya ishe su. Masu shirin gasa da neman kamfanin da zai ɗauki nauyinta, rajista ta fi dacewa da su.